Na Gabi a Dama, Na Safo a Hagu

Ni ne mutum na farko da ya fitar da jarida a Madarunfa. Wanda ya ce ƙarya nake, ya kawo tashi mu gani. Shafi ɗaya ne tal, kuma ba ta naɗuwa a hammata don a bangon lakwal, wato makarantar boko, take manne, amma dai jarida ce.

Mushe ne ya jawo abin, haka muke kiran malamin lakwal ɗinmu, wani siririn mutum da in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ya dawo daga Maradi da tsohuwar jaridar Nasara wadda aka ƙunso mishi sabulu a ciki. Shafin wasanni ne na ƙarshen shekara: 'yan ƙwallo, 'yan tseren keke, da wani ƙato mai murɗaɗɗen hanci. Ya kira ni, don ni ke yi wa masu kanti zane a ƙofa, kuma na ɗan taɓa lakwal kafin lakwal ta gaji da ni.

"Dubi yadda suke yi," in ji shi. "Gwanin shekara a sama, babba. Sauran a ƙasa, ƙanana. Kafin bonane ina son irin wannan, da wasanninmu." Bonane ita ce sabuwar shekarar Nasara, kuma ta kusa.

Na haɗa takardun buhun siminti, na manne su da ƙaro, na ja layuka da gawayi, na dama tawada da shuni. Ƙasan shafi bai ba ni wuya ba. Langa a kusurwa guda, dambe a ɗayar, masu iyo a tafki a tsakiya, kawunansu kamar ƙwarya bisa ruwa. Har tseren jakuna na sa, da jakin da ya zo na fari ba tare da mai shi ba.

Saman shafi ne masifa. Nan gurbin kokawa ne, kuma a kakar nan 'yan kokawa biyu suka yi tashe, na garin Gabi da na garin Safo. Sun gamu a fage, makaɗa suka yi ta kiɗa har hannu ya kumbura, ba wanda ya kai wani ƙasa. Na Gabi kawuna ne, ƙanin innata, mutumin da in ya yi atishawa kaji ke watsewa. Na Safo kuwa yayan yarinyar da nake nema ne, kuma tunda mahaifinsu ya tsufa, maganarshi ce magana a gidan.

Shi ya fara zuwa. Ya tsaya kaina ya tare rana.

"Kai mai zane, an ce kana jera mutane a takarda."

"Ana taɓawa, Yaya."

"Ban zama yayanka ba tukuna. In ba ni ne a farko ba, hanyar Safo ta yi maka nisa."

Washegari ga Kawu. Ya ɗaga ni sama da hannu ɗaya, kamar mai gwada nauyin ɗan akuya, ya ce, "Ɗan nan, ka san jininka ko?" Ya ajiye ni ya wuce.

Na gwada ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wata tsohuwa mai tallar ƙuli ta leƙo ta ce, "Af, ashe na Safo ya zauna bisa kan na Gabi?" Na goge da sauri. Na juya su, sai abin ya koma Kawu ne ke taka surukina. Mutanenmu ba su duba rubutu, wanda ke sama shi ya yi kaye, shi ke nan.

Sai dabara ta zo mini. Kawu makarantar allo ya yi, shi a wurinshi karatu daga dama yake farawa. Na Safo ya yi yaron mota tsakanin Maradi da Katsina, a jikin motoci ya koyi haɗa baƙaƙen boko, daga hagu yake farawa. Na zana su kafaɗa da kafaɗa, tsawo ɗaya, damtse ɗaya. Har layun hannunsu sai da na daidaita, kada wani ya ce an rage mishi asiri. Kawu a dama, na Safo a hagu.

Na kai kowa shi kaɗai ya gani. Kawu ya ɗora yatsa a dama ya ce, "Madalla, da ni aka buɗe." Na Safo ya ɗora yatsa a hagu ya ce, "Ka iya zuwa hira gobe." Kwanakin nan na ci tuwo a Gabi, na sha fura a Safo, har wuyana ya yi kauri.

Bonane ta wuce lafiya. Sai ranar kasuwa ta haɗa su gaban bango, kowa da makaɗinshi da 'yan rakiya.

"Karanta ka gani, yaro," in ji Kawu, "ni ne farko."

"Baba, kai ne ƙarshe. Daga nan ake farawa."

"Daga nan? Karatun 'yan mota ke nan, masu tafiya da baya!"

Suka juyo gare ni tare. Na nemi Mushe, ya juya gefe ya ɓace. Jama'a suka ɗau ihu, a raba gardama a nan. Kafin in haɗiye miyau an share fili, kalangu ya ɗauka. Ba a jima ba Kawu ya sunkuci na Safo ya maka shi da ƙasa, wallahi sai da kifayen tafki suka yi tsalle.

Kawu ya nuna bango yana haki. "Goge. Zana shi kwance."

Na dubi na Safo a ƙasa, idonshi a kaina. Na hango ƙanwarshi can baya, ta aje ƙwaryar fura ta riƙe ƙugu.

"Kawu, Allah ya ja da ranka," na ce, "wannan shafin shekarar da ta wuce ne. Shekara ta rufe. Kayen yau na shafin baɗi ne. Haka dokar jarida take, ko kumandan mai mulkin ƙasar nan bai isa ya taɓa ta ba."

Ba wata doka, a take na haife ta. Amma Mushe ya ɓullo daga bayan wani jaki yana gyaɗa kai, jama'a kuwa suka yarda. Na Safo ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanina ya san aikinshi."

Kafin shuka aka ɗaura mana aure. Kawu ya zo, ya ci rabon mutum biyar, ya kama kunnena gaban mutane ya ce yana nan yana jiran baɗi. Da shekara ta zagayo na cika mishi alkawari. Na zana surukina kwance, ƙafafu sama, ya cinye rabin shafi. Ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwata har damina. Ƙanwar tashi kuwa, ita ta riƙe mini ƙoƙon tawada da nake zanen, da cikinta a gaba, tana cewa in ƙara mishi ƙasa a gemu.