A Dakata, Mai Gida Bai Dawo Ba

Ranar wata Litinin ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Sabon Birni. An kwana ana ruwa, rufin ajinmu yana ɗiga, munka ja bencuna gefe guda munka takura wuri ɗaya. Malaminmu ya ce yau kowa zai tashi ya faɗi kakanninsa har inda saninsa ya tsaya. Yara sunka riƙa miƙewa, wannan ya ce nasa daga Alkalawa sunka fito, wannan ta ce nata maƙera ne tun asali. Da anka zo kaina na miƙe da ƙarfina, don na san nawa sun fi na kowa nisan gida. Na ce ni ɗiyar Garba ce, ɗan Ummaru, ɗan Mamman Ja, ɗan Haniri Bajamushe, wanda ya zo daga ƙasar Jamus zamanin Turawa yana sayen fatar akuya. Sai aji ya fashe da dariya. Malam kansa sai da ya juya ya fuskanci allo, kafaɗunsa na rawa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, sunana ya koma Jar Akuya, kuma da shi na gama makarantar nan.

Ba ƙirƙira na yi ba. Duk wanda ya kalle mu ya san akwai tambaya a jikinmu. Fatarmu ja ce, gashinmu yana da laushi da ɗan ja-ja a baki, kuma cikin unguwar da dattawanta ke ɗauke da tsagar Gobir daga gefen baki har kunne, gidanmu kaɗai ne tun kaka da kakanni babu mai zane ko ɗaya a kunci. Sana'armu ma ta bambanta. Gidan fata ake ce da mu. Sauran mutane a ƙasa suke shanya fata cikin rana, su danne ta da duwatsu. Mu kuwa doguwar rumfa gare mu a bayan gida, inda ake ɗaure fata da igiya a jikin itatuwa, a miƙe ta sosai, ta bushe a inuwa, iska na shiga ta gaba da baya. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in zaga rumfar da reshen dogonyaro ina korar ƙuda, in duba igiyar da ta saki. In na dawo, ga surfe, ga ɗebo ruwa, ga tsintar bagaruwa don jimar fata. Lokacin da gero ya fara ido, mu yara gona muke wuni muna kaɗa gwangwani muna yi wa tsuntsaye ihu. Da marece kuma a tsakanin fatun nan muke ɓoyo, ko mu zauna bakin rumfa muna carafke, warin fata ya kama mana zane har ƙawaye su riƙa toshe hanci da gangan.

A bakin rumfar nan Gwaggo Kulu take zama. Ƙanwar kakanmu Ummaru ce, ɗiyar Mamman Ja, kuma ta riski kakarta Hajo da rai, matar Bajamushen. Tana kaɗi tana ba mu labari, ba ta taɓa ƙara masa gishiri ba. Ta ce su uku sunka zo: Haniri, da ƙanensa, da matar ƙanen. Ta kogi sunka hau, sannan sunka biyo ayarin fatake har Isa, saboda sun ji labarin jar akuyar ƙasarmu. Zazzaɓi ya kashe matar ƙanen tun damina ta farko, anka binne ta gindin wata tsamiya a bayan gari, mijin ya tattara ya koma. Haniri ya zauna. Ya koyi Hausa mai ban dariya, shi ya kafa rumfar shanya ta farko, ya yi kalmar shahada gaban liman, anka ɗaura masa aure da Hajo. Tana da tsohon ciki yaƙi ya tashi can tsakanin Turawa, sai Ingilishi sunka aiko dakaru a tafi da shi. Da za su hau da shi doki ya roƙe ta abu ɗaya: in ta haihu, kada a taɓa fuskar yaron da aska sai ya dawo ya gan shi yadda Allah ya yi shi. Bai dawo ba. Hajo ta ɗauki ɗanta ta koma wurin danginta a Sabon Birni, ta ƙi aure, ta ƙi tsaga.

Daga nan al'adar gidanmu ta samo asali. Duk ranar suna, in wanzami ya gama aske kan jariri, sai ya ɗaga askarsa ya kai ta kusa da kunci kamar zai tsaga. Sai tsohuwar gida ta riƙe masa wuyan hannu ta ce, "A dakata, mai gida bai dawo ba." Wanzami ya ce, "To, mun dakata." Ya mai da askar cikin zabira, mata su rangaɗa guɗa. Na ga an yi wa 'ya'yan baffannina, kuma an ce haka anka yi mani. Zuriyar wanzamai guda ce ke mana wannan tun kan Mamman Ja. Ina yarinya na ɗauka duk duniya haka ake suna.

Ranar Litinin ɗin nan labari ya riga ni zuwa gida. Na iske Baba tsaye tsakar gida, ya dawo daga masallaci inda wani ya tambaye shi, cikin raha wai, ko alwalar jikan Nasara tana kamawa. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya tara gida duka ya ce, "Daga yau kada in ƙara jin sunan kahirin nan cikin gidan ga. Mu Gobirawa na, magana ta ƙare." Gwaggo ba ta aje mazarinta ba. Ta ce, "Suna ka hana, Garba. Huskar hwa, ina za ka kai ta?" Ya juya ya fice. Bayan 'yan watanni Inna ta haifi ƙanena Bashiru. Baba ya ɗauko baƙon wanzami daga wata unguwa, ya yi aski ya kama gabansa. Ba a ɗaga aska ba, ba a riƙe hannu ba. Gwaggo ta wuni cikin ɗakinta ko naman suna ba ta taɓa ba. Ta rasu Bashiru yana rarrafe.

Haka ya tashi bai san komai ba. Shi ya fi mu duka ja, ga dogon hanci. Ni na goya shi, ni na koya masa ɗaurin igiyar rumfa. In yara sunka tsokane shi ya dawo yana kuka yana tambayar me ya sa shi ba baƙi ba ne, Baba ya kan ce, "Haka Allah yay yi ka." Inna ta kan sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Dokar Baba ta zauna daram, har baffannina sunka bi.

Sauran labarin ba na ƙuruciya ba ne, amma daga can ya tsiro. Kowa ya san abin da ya sami ƙasarmu. Gonakin da muke korar tsuntsu sun zama wurin da ba a zuwa, hanyar da muke bi da ƙafa ta zama sai an yi addu'a. Bara, bayan girbi, Bashiru ya ɗauro fatu a bayan babur daga kasuwar Bafarawa, shi da wani abokin sana'arsa. Wasu mazaje masu gadin hanya, da sanduna da bindigogin gargajiya, sunka tare su. A makon nan an kashe masu mutane, idonsu ya rufe, duk jan mutum a wurinsu ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Abokin ya gaya mana yadda anka yi. Sunka ce wa Bashiru, "Kai ɗan wa ne? Lissafo ubanninka." Ya ce Garba, ya ce Ummaru, ya ce Mamman Ja. Sunka ce, "To uban Mamman Ja hwa? Mi yas sa kake ja, kuma ba ka da tsaga?" Yara nawa ne yanzu ba su da tsaga? Amma su fatarsu ba ta jawo tambaya. Ƙanena ya ce, "Ban sani ba." Gaskiya ya faɗa. Sunka saki abokin, sunka tafi da shi.

Baba ya je wurin mazajen da maƙwabta biyu. Ya ce mu Gobirawa ne, sunka nuna masa fuskarsa sunka yi dariya. Anka juya ga maƙwabtan. Mutanen da 'ya'yansu sunka yi shekaru suna kirana Jar Akuya, waɗanda sunka san tarihin gidanmu sarai in wurin ba'a ne, sai sunka ce su dai sun tashi sun gan mu, asali kuwa Allah masani. Wannan har in mutu ba na mantawa. Ranar dariya kowa ya san kakanmu. Ranar ceton rai babu wanda ya taɓa jin labarinsa.

Sai na fita neman abin da anka binne. Na tafi Isa neman tsamiyar da Gwaggo ta taɓa nuna mani wata ranar kasuwa. An sare ta, shagon cajin waya ne a wurin. Na yi sallama gidan wata tsohuwa da anka ce ta san zancen mutanen da, ta leƙo ta ga fuskata, ta ce ta bayan ƙyaure, "Ɗiyata, ban san komi ba," ta sa sakata. Daga nan na hau babur zuwa Gangara, inda anka ce tsohon wanzaminmu, Baba Ango, ya koma wurin ɗansa. Duk kurmin da munka wuce sai in ji kamar za a fito mana. Na iske shi a zaure, idonsa ya kusa tafiya. Da na faɗi sunan ubana ya ce, "Garba mai fata? Wanda yak kore ni?" Na durƙusa na gaya masa komai. Ya ce, "Kakana yaɗ ɗaga aska bisa Mamman Ja. Za ni je, ko da goyo. Amma ni shaidar aska gare ni. Sunan, mai shi zai hwaɗa da bakinai."

Na dawo na iske Baba a rumfa, zaune cikin fatun da sunka fara wari don ba mai duba su. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Baba, ko ka je ka faɗi sunan, ko ni za ni je in tsaya gaban mazajen nan in faɗa." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Da safe ya biya Gangara ya ɗauki tsohon wanzamin a bayan babur sunka tafi wurinsu. An ce Baba ya lissafo: Garba, Ummaru, Mamman Ja, Haniri Bajamushe. Baba Ango ya ba da tasa shaidar. Sai wani dattijo cikin masu gadin ya ce lalle kakarsa gidan Jamus take kiran gidan fata. Shi ke nan fa. Magana guda, wadda ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Sun sako Bashiru. Amma tun kafin su Baba su iso, wani cikinsu ya riga ya ce bari ya yi masa tsagar da ubansa ya hana shi. Da wuƙa ya yi, kunci biyu, ba tsari ba ƙa'ida. Fuskar da Hajo ta tsare da zaman gwauranci, wadda tsofaffin gidanmu sunka yi ta riƙe hannun wanzami dominta, a hannun ɗan iska ta ƙare. Ina fushi da mai wuƙar. Ina fushi da maƙwabta, da malamin da ya juya baya yana dariya, da mai rahar masallaci. Ina fushi da ubana, kuma Allah ya sani ina son in daina, na kasa.

Yanzu a Sakkwato muke, ɗakunan haya biyu, babu rumfa babu fata. Ƙarar babur in ta tsaya ƙofar gida sai in tashi in sa sakata. Ina rufe fuska in zan fita, mutane suna yaba mani addini, ni kuwa tsoro ne. Bashiru ba ya son madubi, ba ya son kasuwa. Watan jiya matar yayanmu ta haihu. Wanzamin birni ya gama aski yana naɗe kayansa, na ce ya ɗaga askar ya kai kusa da kuncin yaron. Ya ce, "Hajiya, ai an daina wannan." Na ce ya dai ɗaga. Babu tsohuwar da ta rage mana, sai na riƙe masa wuyan hannu, na ce, "A dakata, mai gida bai dawo ba." Mutumin ya tsaya yana kallona, bai san amsa ba. Ba wadda ta yi guɗa. Sai daga bakin ƙofa, inda Baba ke tsaye kusa da Bashiru, na ji shi Baban ya ce a hankali, "To, mun dakata."

A da, in an faɗi haka, gida cike yake da warin fata da dariya, Gwaggo na kaɗi, mu muna ɓoyo a rumfa, ba mu san fuska tana iya zama laifi ba. Yaron nan dai zai san sunan tun kafin ya iya tafiya. Amma kuncin Bashiru ba ya komawa.