Goggo Tafireta da Kiret ɗin Ƙwai

A shagon buga takardu da ke ƙarƙashin benen lauyoyi, teburin jikin taga na Goggo Tafireta ne. Sunan ya bi ta tun zamanin da injin ke ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, bai kuma sake ta ba ko da kwamfuta ta zo. Abin da ta yi fice da shi guda ne: ba ta kallon hannunta. Idonta na kan rubutun mai kawo aiki, yatsunta goma suna tafiya su kaɗai, har haruffan kibod ɗinta suka goge, ba mai iya aiki da shi sai ita.

Amma abin da aka daɗe ana lanƙwasawa, wata rana zai ƙi miƙewa. Wuyan hannunta ya fara zugi, yatsu suka riƙa sagewa da safe. Likita bai ɓoye mata ba: ko ta sauya yadda take aiki, ko hannun ya ajiye ta.

'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ta kawo mata wani ɗan ƙaramin kibod da bai fi tafin hannu biyu ba. Maɓallansa a jere suke sambal, sama da ƙasa, ba a karkace kamar na tsohon ba. Lambobi ma ba su da layinsu, sai an danne wani maɓalli da babban yatsa.

Mai shagon ya leƙo, ya ce, "Goggo, kiret ɗin ƙwai kika koma sayarwa?"

"In sun ƙyanƙyashe zan ba ka ɗan tsako," in ji ta.

Hujjar masu ƙera shi ba ta da aibu: yatsa ba ya tafiya nesa, wuyan hannu ba ya murɗewa, saboda haka zugin ya ragu. Sai dai hujja ba ta shiga yatsan da ya tsufa yana bin karkatacciyar hanya. Ta nufi wannan harafi, ta faɗa kan maƙwabcinsa. Dole ta sunkuyar da kai tana neman maɓalli kamar 'yar koyo. Akawun lauyan da bai taɓa kai aiki wani tebur ba ya tattara takardunsa a gabanta.

"Ba raini ba ne, Goggo. Kotu ce ba ta jira."

Washegari ta jefa ɗan kibod ɗin a aljihun tebur, ta jawo tsohon. Sauri ya dawo, akawu ya dawo, zugi ma ya dawo da 'yan rakiya. Duk lokacin da 'yarta ta tambaya, sai ta ce, "Muna ta sabawa." Mutum ya fi jure ciwon da ba a gani a kan raunin da ake gani, kuma wannan ba haƙuri ba ne, girman kai ne da ya ari rigar haƙuri.

Wata Asabar 'yar ta zo gida, ta miƙa mata jaririnta don ta cire takalmi. Goggo ta karɓa, hannun dama ya saki. Allah ya sa a bakin gado take; yaron ya zame kan katifa, ya tsala kuka, bai ji ciwo ba.

'Yar ta ɗauke shi tana jijjigawa.

"Umma, ina kibod ɗin?"

"Yana aljihun tebur."

"To, idan yaron nan ya fara magana ya ce ki ɗauke shi, ki ce takardun lauya su zo su ɗauke shi."

Yanzu duk wanda ya wuce ta tagar zai gan ta kai a sunkuye, tana bin kiret ɗin ƙwai harafi bayan harafi. Manyan ayyuka sun koma teburin kusa da ƙofa. Ita sai gajerun takardu da katin gayyata. Tsohon kibod ɗin yana saman kabad, ƙura ta rufe shi, don har yau ba mai iya karanta shi. Da la'asar takan tashi a gajiye, ta murza wuyan hannunta, ta biya gidan 'yarta ta ɗauki jikanta da hannu biyu.