Kaset ɗin Rijau

Ya sani ko bai sani ba? Shekara da shekaru ina juya wannan tambayar, wanda zai amsa mini kuma yana ƙasa, Allah ya jiƙansa.

Maigidana, Malam Ɗanjuma, shi ne mai ɗaukar bidiyon biki a unguwarmu a Kontagora. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya kawo kwamfuta daga Kaduna don gyaran hoto. Ni ban yi karatu ba, amma ina da aikina a shagon. Kyamara rabi-rabi take ɗaukar hoto, layi-layi kamar saƙa, talabijin ce ke haɗa su. In aka juye kaset cikin kwamfuta aka gyara, za a mayar da hoton kan kaset, dole a gaya mata rabin da zai fara. In aka saɓa, duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa. Fuskar kwamfuta ba ta nuna wannan, sai talabijin. Shi yana gaban na'ura, ni ina gaban talabijin, in ce ya yi ko bai yi ba.

Ba zan manta da bikin wasu manoma daga Rijau ba. Akwai wata doguwa mai jan ɗankwali da ke rawa tana juya hannu. Kwana uku Malam yana kanta. Ya tsayar, ya mayar, ya matso da fuska.

Na ce, "Malam, duk bikin ita kaɗai aka gayyato?"

Ya ce, "Ladidi, dubi hannunta, ya yi haƙora kamar matsefi. A nan ake gane aikin."

Na ce, "Hannu dai? To, Allah ya ba da sa'a."

Ya yi dariya. Dariyar ta fi komai ƙona ni.

Rana ta huɗu da hantsi ya juye, ya ce in duba. Na duba. Matar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, makaɗa ma haka. Na gani sarai. Amma in na faɗa, wasu kwana ukun ne zai yi da ita.

Na ce, "Ya yi."

Bai ko waiwayo ba. Ya sa kaset a kwali, ya ba direban Rijau.

Bayan mako uban ango ya zo da kansa. A ƙofar shago, gaban masu shayi, ya ce surukansa sun taru kallo, wata tsohuwa ta tashi da jiri, ana cewa an yi wa bikin baki. Daga ranar aikin Rijau ya koma hannun wani. Malam ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. Ya sake aikin, ya duba talabijin da kansa. Ni bai ce mini komai ba.

Ku yaran da kuke aiki a shagon yanzu, ku sani, mai gyara ba ya ganin aikinsa, da idon wani yake gani. Ni aka ba wannan amanar.

Na yi ta cewa gobe zan faɗa masa, har ciwo ya kwantar da shi. Ranar da zai cika ina goge masa fuska, na ce, "Malam, kaset ɗin Rijau..." Kuka ya tare ni.

Ya riƙe yatsana, ya ce, "Idonki bai taɓa kuskure ba, Ladidi. Ko sau ɗaya."