Gyaran Minti Goma

Kun san mutumin da bakinsa ke murmushi amma gajiya ta cika masa ido? To, ga irinsa, wata mata, a ƙarshen zauren taron masu rubuta manhaja a Suva, babban birnin Fiji. Katin ƙirjinta ya ce Merewalesi. Furfura ta fara leƙowa, rotin da ke gabanta, wani irin gurasa, ya huce ba ta taɓa ba.

Manhajar da take kula da ita kyauta ce, tana tace alƙaluman ruwan sama, kuma kowa na iya sa hannu ya gyara. Masu ɗauka da yawa, takardar masu taimako kuwa fara fat. Ina jin ta yi shekaru ita kaɗai, ranar da ta gaji kuma shi ke nan.

Wani mai rigar furanni ya tsaya, ta miƙe da sauri.

"'Yar'uwa, kuskuren nan na kwanan wata, yaushe za ki gyara? Wata takwas fa!"

"Aikin minti goma ne, ɗan'uwa. Da gangan na bar shi don sabon hannu ya fara da shi. Zauna in nuna maka."

"Wa, ni? Ai ke ce gwanar!" Ya yi dariya, ya yagi rotinta, ya wuce.

Ta zauna, ta buɗe kwamfuta, ta nemo kuskuren. Yatsunta sun san hanya. Ta daɗe tana kallonsa, sai ta rufe ba ta gyara ba. Ta jawo wata kujera da babu kowa a kai kusa da tata, ta ci gaba da duban ƙofa.