Takardar da Sewuese Ta Ƙi Dangwala wa Hannu

Sewuese Iorchia ta fara aikin wanki a wani asibitin gwamnati tun Lafia tana ƙarƙashin Jihar Filato. Da aka ƙirƙiro Nasarawa a 1996, fayil ɗinta na cikin waɗanda aka kwaso daga Jos. Ita dai ba abin da ya canja mata. Kullum da safe takan hau acaba daga Shabu, inda mijinta yake noman doya, ta hura wuta ƙarƙashin manyan tukwane a bayan ɗakin haihuwa, ta dafa zannuwan gado. Ba ta da yawan magana. Ma'aikata suna kiranta Maman Doofan, da sunan 'yarta ta fari.

A 2006 hukumar asibitin ta yanke shawarar ba ɗan kwangila aikin wanki da shara. Wata Litinin aka kira masu wannan aikin su goma sha ɗaya ofishin sakatare, aka miƙa wa kowa takarda, aka ce ya sa hannu don a gaggauta sallamarsa. Goma suka sa nan take. Sewuese ba ta iya karatu ba, ta ce za ta kai gida 'yarta ta karanta mata.

"Ba a fita da ita," in ji sakataren.

"To Oga, ni ma ba na dangwala wa abin da ban ji ba."

Ta ajiye masa takardar a tebur, ta koma bakin tukwanenta.

Da rana tana shanya, sai ga Abdulsalami, mai ɗiban jini a ɗakin gwaji, wanda shi ne wakilin ƙungiyar ma'aikatan lafiya a asibitin.

"Maman Doofan, kin san abin da ke cikin takardar nan? Cewa ta yi ke kika ajiye aiki don kanki."

"Ni? Yaushe?"

"Shi ya sa. In za a rage ma'aikata, doka ta ce sai an sanar da ƙungiya dalili da yawan mutanen. Wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, kuma sai an zauna a kan haƙƙinsa. Ba wanda ya gaya mana komai."

Ƙungiya ta rubuta ƙorafi. Hukuma ta amsa cewa Sewuese 'yar wucin gadi ce, domin babu takardar tabbatar da ita a fayil ɗinta. Aka hana ta taɓa tukwane. Abdulsalami ya ce kada ta yi fashi ko na kwana ɗaya, don kada a ce ita ta gudu. Wata huɗu tana zuwa da safe, ta zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, tana kallon mutanen ɗan kwangila suna shanya a igiyarta, sai an tashi ta tafi gida.

Sau biyu tana neman izini ta je Jos neman wasiƙar tabbatar da ita. A zuwa na biyu wani tsohon akawu, Aloysius, ya shiga sito ya wuni yana ture ƙunshin takardu, har ya fito da kwafin wasiƙar. Wasiƙar ta yi ja don tsufa, amma sunanta da hatimi suna nan.

Aka kafa kwamiti a kan ƙorafin, ya zauna sau uku. Sashen wanki bai dawo ba. Abin da aka yi shi ne, aka mayar da Sewuese ƙaramin asibitin Adogi, tana dafa kayan aiki tana taimaka wa ungozoma, shekarun aikinta kuma ba a taɓa su ba. Hanyar ta yi nisa, da damina ta fi muni, amma ba ta taɓa kai ƙara a kai ba. Goman da suka sa hannu, ƙungiya ta yi ta rubuta wasiƙu a kansu, ba a samu komai ba. Huɗu daga cikinsu ɗan kwangilar ya ɗauka aikin yini.

Ta yi ritaya a 2010. A shekarar ta gamu da Batulu, tsohuwar abokiyar wankinta, tana sayar da garin rogo a kasuwar Lafia.

"Maman Doofan, da na bi ki ranar nan. Ashe ke kin san doka."

"Wace doka?" in ji Sewuese. "Tsoron takarda kawai nake ji."

Ta sayi mudu biyu, suka tambayi juna lafiyar yara, ta wuce tasha.