Maganaɗisun da Baba ya ɗaura wa motarmu

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar kasuwar Ɗambatta, Baba ya tsaya a gaban teburin wani mutum mai lasifika. Na san lokacin domin ina zaune cikin mota da littafi a cinya, ina duban agogo, ina jiran mu koma gida.

Mutumin ya sa farar riga irin ta likitoci, ga tabarau, ga zanen inji rataye a bayansa. Abin da yake sayarwa wasu baƙaƙen ƙarafa ne guda biyu, kowanne bai fi gidan ashana girma ba, ana manna su a jikin tiyon da ke kai mai cikin inji a ɗaure da waya. Ya ce maganaɗisu ne daga ƙasar Turawa. Ya ce fetur a watse yake shiga inji kamar tumaki an buɗe musu garke, shi ya sa rabinsa yake tafiya a banza, amma in ya bi ta tsakanin ƙarafan nan sai ya daidaita sahu kamar masallata. Dattawa masu furfura suna ta gyaɗa kai. Baba ya sayar da buhun wake a ranar, ya dawo mota da ƙarafan a aljihun gaba, yana dafe da su.

A shekarun da aka cire tallafin mai ne. Motar tamu tsohuwa ce ƙarama, Baba ya saye ta lokacin da gyaɗa take da daraja. Yayana yake tuƙa ta, yana jigilar mutane daga garinmu zuwa Bici, kuma a cikinta nake zuwa kwaleji kullum in dawo. Sharaɗin da Baba ya gindaya ke nan tun farko: ba kwana a makaranta, ba shiga motar wanda bai sani ba. Da mai ya yi tsada motar ta daina kawo komai gida, sai ya ce bayan kaka zai sayar da ita ya sayi shanun huɗa. Bai ambaci karatuna ba, kuma ba sai ya ambata ba. Zango biyu suka rage mini in gama.

A lokacin kowane direba a tasharmu ya zama injiniya. Wani ya cire tayar safaya da jak ya ajiye a gida wai don mota ta yi sauƙi, sannan ya ɗauki mutum uku a gaba, biyar a baya, da akuya biyu a but. Wani yana jefa kafur cikin tanki. Wasu suna kashe inji a gangara, a ƙasar da take shimfiɗe kamar tabarma, wadda gangararta ɗaya ce tal, wajen saukowa daga gada, kuma kafin ka gama salati ta ƙare. A rediyo kuma manya suna ta bayanin motoci masu aiki da iskar gas da masu aiki da lantarki. Muna saurare da rediyo mai batir, a garin da muke kai waya caji wurin mai janareta.

Dabarar Yaya ita ce ya rabu da tanki gaba ɗaya. Ya ce tanki yana riƙe mai a gindinsa, ba ya ba da shi duka. Sai ya ajiye farin galan a ƙasan kujerar gaba, ya zura tiyo ta bakinsa ya huda jikin motar ya kai inji. Wurin zamana ke nan. Kullum nakan shiga aji ina warin fetur, 'yan mata suna matsawa. A jikin wannan tiyon, daidai ƙafata, Baba ya ɗaura ƙarafansa da hannunsa, ya yi bisimilla.

Washegari ya fito ƙofar gida ya tsaya a kan Yaya yana zuba mai. Da galan ya kai rabin inda ya saba kaiwa sai Baba ya ce ya isa haka, ai mai abin ya ce rabi ne. Yaya ya rufe galan. Motar ta mutu muna hango hasumiyar masallacin Bici, na ƙarasa a ƙafa cikin raɓa, na tarar an ci rabin darasi. Haka aka yi sau uku a makon farko. Daga baya ta daina mutuwa sai jefi-jefi, Baba ya ce to ga shi nan, inji ya fara sabawa.

Ni ban yarda ba, amma ban iya musu da baki ba, ko a aji ba na ɗaga hannu. Abin da na iya shi ne awo. Na ɗauki rula na ja layuka a jikin galan da jan biro. Hanyarmu ɗaya ce kullum, don haka nakan duba inda mai yake in za mu tashi, in duba in mun isa, in rubuta a bayan littafina tare da yawan fasinja da kayan da aka ɗora. Wata rana in bar ƙarafan a wurinsu, wata rana in sunkuya kamar ina gyara takalmi in zare su in jefa a jaka, in mayar kafin mu shigo gari. Mako shida na yi ina wannan.

Babu bambanci ko na faɗin layin biro. Da ƙarafan da babu su, motar abin da ta saba sha take sha. Inda na ga bambanci wani wuri ne daban. A tasha al'adar direbobi ce su bar inji a kunne suna taka totur, su ɗan ja gaba su ɗan dawo baya, wai don fasinja ya zaci yanzu za a tashi ya shigo. Kowa yana yi, kowane fasinja kuma ya san ƙarya ce, amma ba direban da zai fara kashe tasa, kada a ce motarsa ba ta da lafiya. Wani lokaci a fi rabin sa'a ana wannan rurin. Ina kallon man yana sauka a layukana alhali ba mu motsa ko taku goma ba. Ranar da tayar baya ta yi laushi ma na ga abin a jikin galan.

Na tambayi malaminmu na kimiyya a bakin ofis. Ya yi dariya ya ce batu ne mai kyau, in ajiye shi na yi rubutun kammalawa a kai. Na sa wata ƙawata ta tambayi mijinta bakanike, ya aiko cewa wata motar tana karɓa wata ba ta karɓa, kamar magani. Daga baya na ji bakaniken ma ya saro nasa ƙarafan yana sayarwa. Na gaya wa Inna muna tsintar shinkafa, ta ce in fita harkar maza in ji da karatuna.

Kaka ta zo ta wuce. Dillali ya zo har gida sau biyu yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta, Baba ya ce masa a dakata tukuna, mai abin ya ce sai an yi watanni inji yake gama sabawa, ba zai sayar da mota ana gab da fara cin moriyarta ba. Bayan la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida yana yi wa abokansa bayanin sahun fetur, har yana gwadawa da yatsu. Ina jiyo shi daga zaure, kunya tana kama ni kamar in nutse. Mutumin da ba a taɓa cutarsa a awon hatsi ba, wanda yake gane gurɓataccen taki da shinshinawa, shi ne wani mai farar riga ya mayar abin dariya.

Na zauna na rubuta komai a shafi huɗu, da jadawali, da layi a ƙarƙashin sakamako. Niyyata in karanta wa Baba ranar Juma'a in ya sauko daga masallaci. Da Juma'ar ta zo na kasa, sai na ba Yaya na ce ya duba ya kai masa. Ya karɓa ya ninke ya cusa a bayan madubin mota. Mako biyu tana nan ina kallonta, gefenta yana yin baƙi. Na ƙudurta a raina shi ma jahilci ne, ko girman kai, ba zai karɓi gyara daga ƙanwarsa ba. Na daina yi masa magana sai gaisuwa.

Wata safiya motar ta sake mutuwa a tsakanin gonaki. Fasinjoji suka sauka suna mita, suka tari wata motar suka bar mu mu biyu. Yaya ya buɗe but, ya ɗaga tabarmar ƙasa ya ɗauko kwalba cike da fetur irin ta 'yan bumburutu, ya zo ya durƙusa wajen ƙafata yana juyewa a galan. Sai a lokacin na gane dalilin da motar ta daina mutuwa kullum. Nasa rabon na kuɗin fasinja yake sayen mai da shi a ɓoye yana cikewa, Baba kuma yana can yana yabon ƙarfe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, ka karanta takardar nan kuwa?"

"Na karanta, Malama. Har da jan layin."

"To ka san abin nan ba ya komai. Kana gani Baba yana tara mutane yana ba da kansa, kai kuma kana zuba guminka kana rufa wa ɗan damfara asiri. In ba za ka kai masa ba ka ba ni kayana, yau zan karanta masa da kaina."

Ya gama juye kwalbar, ya girgiza ta, ya rufe galan. Ya zaro takardar daga bayan madubi ya ɗora mini a cinya, ya goge hannunsa a wando.

"Ga ta nan, ki kai masa. Ni tun ranar farko na sani, ba sai da rula ba. Amma muddin yana jiran ƙarfen nan ya fara aiki ba zai sayar da motar ba, ranar da ya daina jira kuma dillali zai aika a kira. Wata huɗu suka rage miki. Ki bari ki rubuta jarrabawar ƙarshe, sannan ki karanta masa, ni zan riƙe miki shafin."