Jinyar Taubashina a Gidan Surukai

Ni dai Allah bai ba ni allo ba, bai ba ni aska ba, amma in ana zancen jinya a ƙasar Tsafe sai na gyara zama, don na taɓa fizge mutum daga bakin kabari da bakina.

Tun jirgin ƙasa bai zo Gusau ba, taubashina, ɗan gwaggona, ya kai gero gidan surukansa a Nahuce, zazzaɓi ya kayar da shi a can. Aka aiko wai ya daina ci, ya daina magana, a zo a gana. Na hau jakina, na ratsa Gusau da Bungudu da gudun da har yau dawaki ke jin haushinsa.

Na iske shi a ɗaki, ƙato guda ya koma kamar karan dawa. Malam ya yi rubutu, wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya. Surukarsa, dattijuwa mai kirki, tana zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu, ba dare ba rana. Kowa ya ce masa yaya jiki, maganarsa ba ta wuce "da sauƙi."

Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, zafin ga ba na ciki ba ne. Hancina na jin ɗoyin miki, amma ni ba ni da idon dubawa."

Na shiga na ce, "Bawana, tashi ka gai da ubangidanka." Sai ya lumshe ido kawai. Mutumin da tun muna yaye bai taɓa barin zagina ya kwana ba! Na lura a gefe ɗaya yake kwance, in kuma tsohuwar ta yi tari sai ya ƙara jan mayafi. Nan na gane. Mai cinye akushi uku ya leƙa na huɗu, kunyar suruka ce ta ɗaure masa baki, ga kuma ciwo a inda ba a faɗa.

Na ce, "Inna, ku ɗan koma bayan rumbu, zan yi wa bawana hukunci." Ta miƙe har da saurinta.

Na yaye mayafin. Maruru ne a mazauni, ya kai tulu girma, in na rage don tsoron Allah, ya kai faifai.

Ya ce, "Don Allah rufa mini asiri."

Na ce, "Asiri ko likkafani, zaɓi guda."

Na kira wanzami ya tsaga. Daga nan aiki ya dawo kaina. Inna ta dafa bagaruwa ta ajiye a ƙofa, ta kau da kai, ni in wanke, in juya shi, in ɗura masa kunu ina yi masa gori. Hancinta da bakina suka yi jinyar nan, ba ta taɓa tambayata abin da na gani ba.

Wata safiya na kawo kunu, ya kurɓa, ya harare ni ya ce, "Wanga tsinkakken abu, kai ka dama shi ko jakinka?"

Na fita tsakar gida na yi kirari, har kaji suka watse. Inna ta ce lafiya? Na ce, "Ya zage ni, Inna! A ɗora tuwo!"